Injin Da Ya Yi Wa Luba Shaidar Zur

Salamu alaikum, jama'ar da ke bin labarin nan. Masu cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri, ni ma haka aka ja min nawa ran. Wanda yau ya fara leƙowa, ga inda aka kwana. Sunana Mahadi. A 1998 ina sayar da kayan babur a Gusau, matata ta rasu, furfura ta fara leƙo min a gemu. Na yi direban goro, na yi zaman Ikko, na yi Jidda, ina ganin ba abin da zai sake ɗaure min kai a duniya. Sai Allah ya haɗa ni da Luba.

Luba bazawara ce 'yar Tsafe. A Bilbis ta yi aure, mijin ya rasu, ta gama takaba amma ta ƙi tafiya saboda uwar mijin, Inna Saude, tana kwance ba mai juya ta. Ita ta yi jinyarta har rai ya yi halinsa. To Inna Saude an san ta da kaya: liyari, wato tsofaffin kuɗin azurfan nan da iyayenmu mata ke adanawa, da mundaye, da 'yan kunnen zinari na Makka. Tana gab da cikawa ta ce kayan suna ɗakinta, kuma Luba kaɗai ta ji. Ba a jima da sadakar uku ba ruwan Agusta ya kayar da ɗakin. Babban ɗan Inna, Arzika, ya kwashe ɓaraguzan ya tone daɓen, bai ga ko zobe ba. Ba wanda ya tari Luba ya ce mata ɓarauniya. Sai dai in ta shigo gidan biki mata su riƙa gyara zaman jakarsu.

Ta koma gidan ubanta a Tsafe, ta kafe a kan magana ɗaya.

Ranar da na tayar da zancen aure, a zauren babanta ne bayan la'asar. Tana sanye da wata atamfa ruwan ganye, mayafin ya ɗan koɗe amma ya sha guga, lalle ya fara barin yatsunta. Ni kuwa na ci shadda ruwan toka har da turare, kai ka ce ɗaurin auren zan je.

Ta ce, "Malam Mahadi, ba ƙin ka nike ba."

Na ce, "To alhamdu lillahi, rabin aiki ya ƙare."

"Amma ba ni shiga gidan kowa da wanga suna. Gobe cokali ya ɓace gidanka, 'yan uwanka su dubi juna."

"Cokulan gidana duk na roba ne, Luba."

Ta danne dariya, amma ba ta sauka daga maganarta ba. Sai an ga kayan Inna.

A gida kuwa yayata Hajiya Dije ta sa ni gaba. Kullum na je gaishe ta, tana kan dardumarta da carbi a hannu ɗaya, goro a ɗayan.

"Kai dai Mahadi ba ka jin magana. Mata sun ƙare ne? Ga ɗiyar mutunci can Magami na yi maka magana, kai kana nan kana bin wadda anka ce."

"Anka ce mi, Hajiya?"

"Ni ban ce ba. Cewa anka yi."

Kun ji fa. Kowa bai ce ba, amma an ce.

A Jidda na taɓa ganin wani Bature a bakin teku yana yawo da sanda mai faranti a ƙasa, tana kuka yana tsintar zobba a cikin yashi. Wannan ya faɗo min a rai. Na tafi Bilbis na sami Arzika a ƙofar gida yana gyaran igiyar jaki. Dogo ne, mai magana kamar ana cire masa haƙori.

Ya saurare ni ya ce, "Inji? To na ji. Amma inji guda, yini guda. Abin da yac ce shi ke nan, kowa ya ɗauka. Ba a maishe min gidan uba kasuwar 'yan inji."

Na ce na yarda. Muka yi hannu a gaban mutane.

Shekarar nan ana wahalar mai. Galan guda sai ka yi wa 'yan bumburutu fadanci kamar surukanka. Haka na riƙa ƙona shi ina cigiya, har na gano inji biyu ne kacal a kusa da mu.

Na farko yana hannun Alhaji Lawwali, mai sayen zinari a Gusau. Da ya sa aka fito da shi daga akwati, sai da na gyara tsayuwa. Farantinsa ya kai faifan bakace, ga wani akwatin da ake ratayawa a wuya mai allura tana rawa, ga batir ɗin da ya kusa na babur nauyi.

Alhaji ya ce, "Wanga ko a Jidda sai wane da wane. Tsawon mutum yaka gani a ƙasa."

Ni ba a sayar min da abu da baki. Na zo da tsohon bakin garma, da kwabo mai huji, da ƙusoshi a aljihu. Muka zaga bayan shago na haƙa rami iya hannuna, na jefa garmar na rufe. Injin yana zuwa wurin ya ɗau kuka kamar akuyar da aka taka. Madalla. Sai na tura kwabon ƙasa iya yatsa, na watsa ƙusoshi kewaye da shi. Nan kuma ya rikice. Kuka ta ko'ina, ba ka sanin na kwabo ba ka sanin na ƙusa.

Na ce, "Alhaji, wannan fa?"

Ya ce, "Kai kwabo kaka nema ko dukiya?"

Na biyu yana Bungudu, wurin wani mai gyaran rediyo, Mas'udu, wanda wani Baturen aikin hanya ya bar masa. Mas'udu irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka tarihin agogon. Ya zaro abin daga ƙarƙashin benci, cikin buhu. Sanda ce siririya, farantin bai fi murfin kwanon miya ba, an ɗaure wuyan da robar tayar keke. Akwai abin sawa a kunne, da wani maɓallin murɗawa da ke sa ya yi banza da baƙin ƙarfe.

Na maimaita gwajina. Kwabo a tsakiyar ƙusoshi, ya wuce ƙusoshin shiru, yana zuwa kan kwabon ya yi wata siririyar ƙara mai daɗi. Na ce kai. Muka binne garma iya hannu, ya bi ta kai ya wuce ko tari bai yi ba.

Mas'udu ya ce, "Ai shi ba ya da zurfin ciki, Malam. Abin da ke sama-sama shi yaka faɗi. Ya wuce taƙi guda, ba ruwanshi."

To ku auna da kanku. Ɗaya yana gani da nisa amma ba ya bambance zobe da ƙusa. Ɗaya yana bambancewa amma ganinsa bai wuce tafin hannu ba. Kuma guda aka ce in kawo.

Na yi kwanaki ina juya abin. Na tambayi tsofaffi yadda matan da suke ɓoye kaya, kowa ya ce a tukunya, a haƙa rami ƙarƙashin gado har gwiwar hannu ko fiye. Arzika kuma ya riga ya tone saman daɓen bai samu ba, ke nan abin ya yi ƙasa. Hajiya Dije ma da ta ji sai ta sa baki: "In dai za ka kunyata mu, to ka kunyata mu da babban." Hankali ya ce babba, mutane suka ce babba. Na ɗaure na Alhaji Lawwali a bayan babur na nufi Bilbis.

Ban san wa ya yi shela ba. Na tarar da ƙofar gida cike, mata a kan katanga, har mai rake ya kafa teburinsa. An sake gina ɗakin da bulo da rufin kwano, Arzika yana ajiye hatsi da tarkace a ciki. Muka fitar da buhuna da wani tsohon gadon ƙarfe. Na rataya akwatin, na yi bisimilla, na kunna.

Tun daga bakin ƙofa ya fara kuka.

Aka ɗau kabbara. Arzika da kansa ya karɓi diga. Aka haƙa, sai ga ƙusar kwano. Na matsa gaba, kuka. Aka haƙa, murfin gwangwanin madara. Gaba kaɗan, guntun sarƙar keke. In na ɗaga farantin ya jiyo rufin kwano ya yi kuka, in na matsa bango ya jiyo ƙyauren ƙofa ya yi kuka. Gumi ya jiƙa shaddata har ta manne min a baya, igiyar akwatin tana yankar wuyana.

Wani daga taga ya ce, "Malam, ko yunwa yaka ji?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ku ba shi hura mana."

Kafin la'asar ɗakin ya zama kamar inda aka yi haƙar rogo. A kusurwar gabas ya yi wani kuka mai ƙarfi, muka bi shi har ƙugu. Me muka samu? Gindin ƙarfen wata tsohuwar fitila.

Arzika ya jingina digar, ya share fuska, ya juya wajen jama'a. Bai ɗaga murya ba.

"To kun gani. Ko injin Bature ya ce babu. Kayan ba su cikin ɗakin nan. Wanda ya san inda suke, ya sani."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Da can zargi ne kawai ake yi a bayan ido. Yanzu ni, da man da na saya da tsada, na ɗauko shaida tun daga Gusau na kawo musu.

Labari ya riga ni isa Tsafe. Luba ta fito zaure ba kwalli, ta tsaya daga bakin ƙofar ciki, ko tabarma ba ta shimfiɗa ba.

"Sannu da aiki, Malam Mahadi."

"Luba, injin ne bai..."

"Da ana cewa wataƙila. Yanzu an ce tabbas. Don Allah ka huta da zuwa haka nan, kar in shafa maka."

Raina ya ɓaci, da ita, da Arzika, da Alhaji Lawwali da Jiddarsa. Na ce, "Na ji, zan tafi. Amma ki faɗa min abu guda. Tsohuwar nan, mi tac ce miki? Ba abin da kika fahimta ba. Abin da ya fito daga bakinta."

"Na faɗa har na gaji. Ta ce suna ɗaki."

"Ta ce ta binne?"

Ta lumshe ido tana tunowa. Can ta ce, "Ta kama hannuna ta ce, Luba, kayana na ɗaki, na liƙe su."

"Liƙe?"

"Liƙe."

"Ba binne ba?"

"Ai duk ɗaya ne."

Jama'a, ba ɗaya ba ne. Wa ya taɓa liƙe abu a ƙasa? Ƙasa binnewa ake yi. Liƙi sai bango. Kakata haka take yi: ta ƙwaƙule ginin ƙasa, ta cusa ƙullin tsumma, ta kwaɓa laka ta shafe wurin, ta bi da farar ƙasa. Luba ta ce ɗaki, Arzika ya ji binne, gari ya ɗauka, ni ma na bi su da injina muna ta duban ƙasa. Shekara guda ba wanda ya ɗaga kai ya tuna da bango.

Na ce, "Bangon da ya faɗi, ina ƙasarsa?"

Ta ɗago ta dube ni. "Yaya Arzika ya kwashe ta da jakai, don ya samu ya tona daɓe."

"Ya kai ina?"

Tun kafin in rufe baki na san amsar. Duk manomin ƙasar nan ya san tsohuwar ƙasar gini taki ce. Ba mai zubar da ita. Gona ake kai ta.

Washegari na mayar wa Alhaji Lawwali kayansa. Yana tambayata ko an dace, na ce ƙwarai, mun samu fitila. Na sayi mai a farashin da har yau in na tuna sai na yi tsaki, na wuce Bungudu. Mas'udu ya fara ba ni labarin wani kufai da ake cewa akwai tukunyar zinari, na ce ya ajiye min shi sai na dawo. Na saɓa buhun na juyo, na ratsa Gusau ban tsaya ba, na wuce Tsafe, sai Bilbis.

Arzika yana ganina ya miƙe. "Mun yi da kai inji guda, yini guda."

"A gidan ubanka. Haka kac ce, ga shaidu nan zaune. Ni yau ba gida na zo ba, gona za ni."

"Gonar wa?"

"Wadda ka kai ƙasar ɗakin Inna."

Wani dattijo da ke cikin shaidun ya ce gaskiya gida aka ambata, ba a ambaci gona ba. Arzika ya ga idanu sun yi masa yawa, ya ce in je in ƙarasa haukata, amma in na karya masa karan dawa ɗaya sai na biya.

Da na zare injin daga buhu aka fashe da dariya.

"Babban ya kasa, an ɗauko ƙanenshi!"

"Malam, wanga ai ludayi ne!"

Ban kula su ba. Dawa ta yi tsayi ta fara fitar da kai, ganyen yana yankar fuska. Na tambayi inda aka zube ƙasar, aka nuna min gefen wata tsamiya inda dawar ta fi ko'ina baƙi da ƙiba. Na sa abin kunne, na murɗa maɓallin yadda Mas'udu ya nuna min, na shiga bin kunya-kunya ina shara da farantin dab da ƙasa. Da a ce da babban na zo, ko shiga tsakanin karan ba zai yi ba.

Shiru. Kunya ta ƙare, na kama wata, shiru. Masu dariya suka fara gajiya suna komawa inuwa. Ni kaina na fara cewa, Mahadi, in wannan ma ya ƙi, sai dai ka koma Ikko da zama.

Sai na ji siririyar ƙarar nan.

Na dawo da farantin, ta sake. Ban nemi fartanya ba, na durƙusa na sa yatsu. Ƙasar da laushi, an yi ruwa shekaranjiya. Ban kai tsawon yatsa ba na taɓo wani abu mai faɗi. Baƙi ƙirin, kamar fasasshen kasko. Na tofa masa yawu na murza a gefen shaddata, sai fari ya bayyana, ga kan matar nan da ke jikin liyari, ga hujin da aka yi masa na zare.

Tsohuwar da ta ce a ba inji fura ita ta karɓa ta juya shi. Ta ce, "La ilaha illallahu. Na Saude ne. Da shi anka kai ta ɗaki."

Taku kaɗan gaba ya sake kuka. Munduwa, ta lanƙwashe inda garma ta taɓa ta.

Sai wani daga baya ya ce, "Ashe shi ya sa dawar Arzika ta fi ta kowa. Azurfa taka ci."

Arzika bai yi dariya ba. Ya karɓe liyarin da munduwar ya zuba a aljihu, ya ce kowa ya fitar masa daga gona, ba mai sake taka ta sai an yi girbi. Ko kallona bai yi ba, balle sannu.

Na hau babur na nufi Tsafe ina jin kamar in tashi sama. Gwiwoyin wandona duk laka, ban damu ba. Luba ta fito, wannan karon ta shimfiɗa tabarma. Na kwashe komai na faɗa mata, har da maganar dawa mai cin azurfa. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san kuka take ko dariya ba. Da ta buɗe sai na ga duka biyun ne.

Na gyara zama na ce, "To yanzu sai in turo su Hajiya?"

Ta share ido. "Ya faɗa?"

"Wa?"

"Yaya Arzika. Ya faɗa da bakinshi cewa ba ni na ɗauka ba?"

"Luba, gari guda ya gani!"

"Gari guda ya ji lokacin da yac ce wanda ya sani ya sani. A gaban mutane ya ɗora min, a gaban mutane zai sauke."

Na riƙe kai. Na zaga Gusau, na zaga Bungudu, na tone ɗaki, na tone gona, an yi min dariya iri biyu, yanzu kuma sai na tono magana daga bakin Arzika? Wane inji ne zai yi wannan? Mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama?

Na ce, "Wanga mutum ko shekara goma za a yi ba ya zuwa."

Ta ce, "To sai mu jira shi."

Na yi ta lallashi har rana ta kusa faɗuwa, sannan na miƙe ina neman takalmina, raina a dagule, ina tunanin abin da zan gaya wa Hajiya Dije da 'yar Magaminta. Sai muka ji an jingina keke a waje, aka yi sallama da wata murya kamar ana cire wa mai ita haƙori.

Na leƙa. Arzika ne, hannayensa laka har gwiwa, faratansa duk ƙasa. Ashe da ya kore mu shi ya zauna yana tona da hannu. Gona guda, a cikin dawa, ga zinarin bai fito ba, kuma duk Bilbis ta san inda yake. Idonsa yana kan buhun da ke ɗaure a bayan babur ɗina.

Ya ce, "Malam Mahadi, dama ludayin nan naka... ko za ka ara min shi zuwa gobe?"

Na waiwaya. Luba ta gyara mayafinta ta zauna daram a kan tabarma, ta ɗaga murya ta cikin gida: "Baba, ka fito, ka kira su Malam na ƙofar masallaci. Mun yi baƙo."

Na kwance buhun a hankali na rungume shi a ƙirji, na matsa masa daga bakin ƙofa.

Na ce, "Shigo daga ciki, Arzika. Cire takalmi. Injin ba ya tashi sai an yi masa magana tukuna."